Ƙwaryar da Kawu Ya Bari a Buɗe

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, yau kwanansa goma sha biyu da komawa. Har yanzu in waya ta yi ƙara kusa da ni sai gabana ya faɗi, ko da ta wani ce.

Ranar da aka kai shi, gidanmu na Nasarawa Gwom bai ɗauki mutane ba. An shimfiɗa tabarmi har bakin kwata, ana yayyafi, amma babu wanda ya tashi. Dillalan shanu sun zo daga kara da sandunansu, ga mata masu kai tumatir da kabeji kasuwa, ga wasu tsofaffi da suka yi aikin waya tare da shi tun ana jan igiya a kan turaku. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Tana zaune jikin bango, duk wadda ta shigo ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Da safe fa ya sha kununa. Har ya ce tsamiya ta yi yawa." Ta faɗi haka ya fi sau ashirin.

Wadda ta yi kukan ita ce Mama, wata 'yar kabilar Ibo mai shagon kayan miya a unguwar Kabong, matar abokin Kawu da ya rasu tun da daɗewa. Tun daga zaure muka ji muryarta. Matan unguwa suka taso suna cewa ta yi haƙuri, addu'a mamaci yake so ba kuka ba. Ta share fuska da gefen zaninta ta ce, "Abeg ku bar ni. Ku yi naku addu'a, ni in yi nawa kuka. Allah ya san duka biyu." Suka matsa mata ta zauna kusa da Inna.

Ina kai ruwa waje na ji wani tsohon dillali yana cewa na kusa da shi, "To yanzu in mutum ya fita bai dawo ba, wa zai sani?" Ɗayan ya duba wayarsa ya mayar aljihu.

Yanzu kuma wata magana ce take yawo. Ana cewa yarinyar gidan ta lalata aikin kawunta tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Yarinyar ni ce, kuma gaskiya ne, ni na goge komai da hannuna. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don a san cewa ranar da na goge, sunayen mutum biyar da ke kan hanya ne suka faɗa hannun wani da ba mu sani ba, kuma saura kaɗan ya san inda za su bi.

Kawu ne ya riƙe mu, ni da Inna, tun rasuwar mahaifina. Dogo ne, ba shi da jiki, kullum da rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani ko da rana ta take, yana cewa Jos ba ta da amana. Bayan ya bar aikin waya ya buɗe ɗan shagon gyaran kwamfuta a unguwar Congo-Russia. Ya haura sittin sannan ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, da yatsa biyu, tabarau a kan hanci, leɓensa na motsi kamar mai bitar hadda. In ya yi kuskure ba ya zagin na'urar. Sai ya ce mata, "Ke kin yi daidai, abin da na ce kika yi. Ni ne ban iya magana ba." Yana son gyaɗa soyayya, kuma duk aljihunsa ɓawo ne. Ba ya sallama da mutum a ce sai an jima kawai. Sai ya tambaye ka ta ina za ka bi.

Wannan tambayar tana da asali. Wata shekara da gari ya rikice, mijin Mama ya fito daga Kabong zai zo wurin Kawu. Mutanen gidansa suka ɗauka ya kwana a wurinmu saboda an hana fita. Mu kuma muka ɗauka bai fito ba. Kwana biyu kowane ɓangare yana cikin kwanciyar hankali, alhali ba ya ko'ina. Ba a same shi da rai ba. Ina ƙarama lokacin, amma na sha jin Kawu yana cewa, "Ba mutuwarsa ce take hana ni barci ba. Kwana biyun nan ne da ba wanda ya neme shi."

Shi ya sa ya haɗa abin da kowa a nan yake kira layin Kawu. Lamba ce guda. In za ka fita sai ka tura mata saƙo, "na fita." Ta tambaye ka daga ina zuwa ina, ka amsa. Ta tambaye ka ta wace hanya, ka amsa. Ta tambaye ka ƙarfe nawa kake sa ran isa. In ka isa ka tura "na iso," shi ke nan. In lokaci ya wuce ba ka turo ba, ta tambaye ka. In ka yi shiru, ta sanar da wanda ka bayar a matsayin naka, ta sanar da Kawu. Da mutanen gidanmu aka fara, sai masu kai kaya kasuwa, sai dillalai masu shiga ƙauyuka, sai Mama ta kawo matan cocinsu.

Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai ya ce in riƙa zama wurin kwamfutar gida ina duba masa allon. Rannan na tambaye shi, ya aka yi abin yake tuna maganar da aka yi masa ɗazu. Ya ajiye gyaɗarsa, don irin tambayar da yake so ke nan.

"Ba ya tunawa," in ji shi. "Wannan da ke amsa saƙo ba shi da jiya, ba shi da ɗazu. Saƙo ya zo, ya farka, ya amsa, ya mutu. Na biyu ya zo, wani sabo ne fil ya farka. In kin tura masa Kabong kawai, bai san tambayar me kike amsawa ba. Daga Kabong kike, ko can za ki, ko sunan akuyarki ne?"

Na ce to ya ake yi.

Ya ce uwarsu, kakata, da take tallan nono, kowane gida da take kai wa yana da ƙwaryarsa, ba ta haɗawa. Shi ma haka ya yi. Kowace lambar waya tana da ƙwaryarta a ajiye. Kafin mai amsa saƙon ya mutu sai ya jefa 'yar takarda a ciki: wannan ta ce ta fita, na tambaye ta hanya, ina jira. Wanda ya farka bayansa, kafin ya buɗe baki, sai ya leƙa ƙwaryar ya ga inda magana ta tsaya. Ya ce, "Duk wayon yana cikin ƙwarya. In babu ita, kowane saƙo baƙo ne."

Ba kullum abin ya tafi daidai ba. Akwai wata maƙwabciyarmu da ita da 'yarta waya ɗaya suke amfani da ita, kamar gidaje da yawa a nan. 'Yar ta tura ta fita zuwa asibiti, ta bar wayar a gida. Uwar ta ɗauka ta tafi gidan biki, tana sauka ta tura "na iso." Layin ya yi wa 'yar barka da isowa ya rufe maganarta, alhali tana can a tsaye tana neman keke mai ƙafa uku. Ba abin da ya same ta. Amma Kawu ya ƙi cin abincin rana. Ya zauna ya gyara yadda layin zai riƙa tambayar wace ce take magana in an ce wayar ta mutum biyu ce. Maƙwabciyar ta zo tana dariya tana cewa, "Malam, ashe aljaninka ma ana yi masa wayo." Ya ce, "Hajiya, ba aljani ba ne, wawa ne mai biyayya. Bai san mutum ba, waya ya sani."

Ban taɓa ganin Kawu ya yi faɗa da ɗaga murya ba sai sau ɗaya, da ɗansa, Yaya, wanda ya karanci kwamfuta kuma yake aiki a Abuja. Abin da suka yi faɗa a kai shi ne wannan. Kawu yana da wata kalma ta sirri. In ya tura ta daga wayarsa, sai a rubuta a ƙwaryarsa cewa mai gida ne. Daga nan in ya tura "su wa," layin ya jero masa sunayen duk waɗanda ke kan hanya, ɗaya, biyu, uku. In ya tura lambar mutum a jerin, ya gaya masa inda ya fito, inda za shi, hanyar da ya bi, da lokacin isarsa. Haka abin yake zama a buɗe har sai ya tura "rufe" da kansa.

Yaya ya zo hutun salla ya ga haka, ya ce, "Baba, ba a yin wannan. Ko'ina a duniya, in aka yi minti goma ba motsi, magana ta mutu, a sake daga farko."

Kawu ya ce, "Ko'ina a duniya ba su san Hajiya ba. Ta fara saƙo, tukunya ta tafaso, ta je ta sauke, jika ya faɗi, ta ɗauke shi, ta dawo bayan rabin awa. Ka ce a ce mata ba a san ta ba? Wallahi ba za ta ƙara turowa ba. Kuma ranar da ba ta turo ba, ranar ce za a neme ta."

"To a bar nasu. Naka fa? Naka ne mai buɗe sunayen mutane."

"Ni ma tsoho ne. Ka ga yatsun nan? Kalmar nan sai na yi ta sau uku kafin ta shiga."

"In wayar ta faɗi fa?"

"Shekara nawa ina riƙe da waya kafin a haife ka?"

Yaya ya ce taurin kai ne. Kawu ya ce shi ɗan Abuja ne, yana rubuta wa mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Inna ce ta shiga tsakani da kwanon tuwo. Washegari Yaya ya tafi, Kawu ya raka shi har bakin titi, ya tambaye shi ta ina zai bi. Ba a canza komai ba.

Ba na so a karanta wannan a ce sakaci ne ya yi. Na ga mutumin nan ya rufe shago ya hau keke har Kabong saboda wata tsohuwa ta kasa gane inda ake danna tura. Na ga ya tashi daga cin abinci saboda wani dillali ya wuce lokacinsa da minti ashirin, ya yi ta kira har aka gano babur ne ya yi faci. Da mutumin ya zo godiya da kwalbar man shanu, Kawu ya karɓa ya ce, "Na gode, amma gobe ka faɗi lokacin gaskiya. Kai kullum kana cewa awa ɗaya kamar jirgi ka hau." Kowace Juma'a kuma, in ya tabbatar kowa ya isa, yakan share tarihin tafiye-tafiyen makon. Yana cewa abin da ka ajiye shi ake iya ƙwace maka. Ya san haɗarin. A kan kansa ne kawai bai gan shi ba.

Ranar Talata ya rufe shago zai dawo gida sallar azahar. Ya tura "na fita" kamar kowa, don shi ma ba ya tsallake dokarsa. Ina gida ina wanki sai wayata ta yi ƙara: mai gida bai ce ya iso ba. Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na fita da hannuna duk kumfa na bi hanyar da ya rubuta. Ban yi nisa ba na hango taro a bakin wani shagon walda. Ya sauka daga keke, ya yi 'yan taku, ya zauna a kan dakali, bai tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Babu rauni a jikinsa. Hularsa tana nan, tabaransa yana nan, ɓawon gyaɗa yana aljihu. Wayar ce babu.

'Yar ƙaramar waya ce mai madannai, ba ta da makulli. Yaya ya ce wani ɗan iska ne ya ɗauke a cikin taro, in an tashi daga zaman makoki zai je a rufe layin wayar. Kwana uku ba wanda ya kusanci kwamfutar, ni ma ban iya shiga ɗakin ba. Mutane kuwa suna ta turo saƙonninsu, layin yana ta amsa musu, don shi bai san an yi rasuwa ba.

Ran kwana na huɗu da hantsi, Yaya ya ɗauki 'yan'uwan da suka zo daga nesa zai kai su tasha. Na shiga ɗakin Kawu in ɗauko wa Inna bargo. Ɗakin yana warin man zafinsa. Na ce bari dai in duba allon. Saƙonni suna gangarowa kamar kullum, wannan ya fita, wannan ya iso. Sai na ga lambar Kawu.

Na san lambar kamar sunana. A gabanta an rubuta, "su wa."

Wallahi abin da ya fara zuwa raina ba na hankali ba ne, na ɗauka shi ne. Sai na ga amsar layin a ƙasa, an riga an tura ta, minti biyu da suka wuce. Mutum biyar ke kan hanya, ga sunayensu a jere da lambobi. A ƙarshe ya ce, "Wanne? Turo lambarsa."

A nan na gane. Kawu ya tura kalmarsa a cikin keke ranar Talata, don yakan duba mutane ko yana tafiya. Bai kai ga tura "rufe" ba. Kwana huɗu takardar tana kwance a ƙwaryarsa tana cewa mai gida ne. Wanda ke riƙe da wayar bai buƙaci sanin wata kalma ba. Tsofaffin saƙonni kawai ya karanta ya ga yadda Kawu yake tambaya, ya kwaikwaya. Yanzu lamba ɗaya tak zai danna a gaya masa inda mutum ya bi da lokacin da zai wuce.

Na fizge wayar wuta daga bango, na rufe kwamfutar, na danne ta da hannu biyu kamar wani abu zai fito. Sai na tuna abin da Kawu ya gaya mani tun ranar farko, cewa layin ba a cikin wannan kwamfutar yake ba, yana can wata babbar na'ura a wata ƙasa, tamu taga ce kawai. Na rufe taga ne, ɗakin yana nan. Na ɓata lokaci a banza.

Na buɗe ta kuma. Kafin ta farfaɗo na kira Yaya, yana tuƙi bai ɗauka ba. Na sake kira. Inna tana ƙwala mani kira daga tsakar gida, "Ina bargon? Ko saƙa shi kike yi?"

Abu biyu kawai na iya a kwamfutar nan. Duba allo, da wani umarni da Kawu ya nuna mani sau ɗaya ya ce kada in taɓa sai in gobara ta tashi. Shi yake kira wanke ƙore duka. Ba irin sharar Juma'a ba ce. Wannan ba ya barin komai: sunaye, lambobin 'yan'uwa, wanda ya fita, wanda ake jira, duk abin da mutane suka ba shi amana shekara da shekaru. Yadda ake wanke ƙwarya ɗaya a bar saura, bai kai ga koya mani ba. Kuma in na wanke, mutum biyar ɗin nan ba wanda zai ƙara jiran isowarsu. In wani abu ya same su, za a koma irin kwana biyun nan da Kawu ya ƙi jini.

Allon ya dawo. Mai riƙe da wayar bai turo lambar ba tukuna. Ko yana karanta sunayen ne, ko yana tambayar wani, Allah ne ya sani. Na karanta sunayen biyar da ƙarfi, sau uku, ina lanƙwasa yatsa a kan kowanne. Na ɗaya da na biyu dillalai ne. Ta huɗu mai tumatir, na biyar ɗan maƙwabciyarmu. Ta uku Mama ce, ta fito daga Kabong za ta kawo mana abinci.

Na rubuta umarnin. Na yi kuskure, na goge, na sake. Allon ya tambaye ni ko na tabbata. A saman allon ina ganin saƙon Kawu na ranar Talata, na fita, daga shago zuwa gida, ba a rufe ba. Yana cikin abubuwa na ƙarshe da ya rubuta a duniya. Na ce bismillah na danna.

Allon ya zama fari.

Ban kai ga sauke numfashi ba saƙo ya shigo daga lambar Kawu. Abu ɗaya ne a ciki: 3.

Mai amsa saƙon ya farka, ya leƙa, bai ga komai ba. Ya ce masa, "Sannu. Ban gane ba. In za ka fita ne, turo na fita."

Na zauna ina kallo. Bai ƙara turo komai ba, har yau.

Na fita da gudu ba takalmi. Na kira dillalan biyu, na kira mai tumatir, na aika a dubo ɗan maƙwabciya, duk lafiya. Wayar Mama tana ta ƙara ba a ɗauka. Na tsaya a bakin layinmu, ruwa ya fara saukowa, ina leƙa kowane keke da ya wuce. Masu zaman makoki suna kallona, wani yana cewa a kama yarinyar nan, rasuwar ta taɓa ta. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Can sai ga keke ya tsaya, ga Mama tana fitowa da baya tana jan kula, tana faɗa da mai keken a kan ya bi da ita ta cikin rami. Wayar tana ƙasan jaka. Na rungume ta har kular ta kusa kifewa. Ta ce, "Kai yarinya, me ya same ka? Miya ne fa a ciki!" Mama kowa kai take ce masa.

Da Yaya ya dawo na nuna masa. Bai ce ai na gaya masa ba, kuma na ji daɗin da bai faɗa ba. Ranar ya je aka rufe layin wayar, ya kai rahoto. Ya ce mani wataƙila yaro ne ya sayi wayar yana wasa, yatsansa ya faɗa kan uku. Ya ce kada in yaɗa maganar, gari ne da kalma ɗaya take iya tada shi. Na yarda da shi a kan gari. Ban yarda da shi a kan yatsa ba. A cikin sunayen nan biyar, nata ne kaɗai ba irin namu ba.

Ya sake tada layin Kawu kafin ya koma Abuja, ya sa ƙwaryar mai gida tana rufe kanta bayan minti goma. Ta tsofaffi ya bar ta yadda Kawu ya so. Amma kowa sai ya sake ba da sunansa daga farko, kuma da yawa sun ƙi. Wasu suna fushi da ni, wasu sun ce ba Kawu ba layi. Ba na jin haushinsu.

Kwana shida ina ɗauke da lambar nan a cikina. Shekaranjiya na hau keke na tafi Kabong. Na samu Mama tana auna wa wata mata garin rogo. Na jira ta sallame ta, sannan na gaya mata komai, tun daga "su wa" har zuwa uku. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Ya ga sunana kafin ya zaɓa?"

Na ce ya gani.

"Ya ga hanya?"

Na ce bai gani ba.

Ta dubi titi ta ƙofar shagon, ta daɗe tana kallon masu wucewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Shekara talatin ina bin hanya ɗaya zuwa gidanku. Wanda yake so ya sani, ba sai ya tambayi kwamfuta ba." Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Oga ya bar ƙofa a buɗe don tsofaffi, ɓarawo ya leƙo. In na je can zan ja kunnensa."

Na ce ko za ta daina zuwa na ɗan lokaci.

"Ranar arba'in ina zuwa. Wa zai dafa? Uwarka ba ya iya tsayawa." Ta ƙulla mani kifi busasshe a leda ta cusa a jakata. "Zan canja hanya, kullum daban. Kai ma ka canja. Tashi ka tafi, hadari ya haɗu."

Ta rufe shagon da rana tsaka ta raka ni bakin titi. Ta ƙi keke na farko, ta ƙi na biyu, ban san me ta gani a fuskokinsu ba. Na uku ta leƙa ta ƙare wa direban kallo sannan ta ce in shiga. Ta riƙe ƙarfen keken ba ta saki ba.

"In ka isa ka kira ni," in ji ta. "Ba saƙo ba. Da bakinka. In ji murya."

Na isa, na kira. Ƙara ɗaya ta yi ta ɗauka. Ta sa na faɗi sunan kifin da ta ba ni kafin ta yarda ni ce.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya sa ya sauka lafiya inda ya tafi. Mu da muka rage a kan hanya, Allah ya tsare mu daga wanda ya san sunanmu alhali mu ba mu san nasa ba. Amin.